Wai kwatar ƙofar gidanka aikin waye? Fashin baƙi kan ƙaramar hukuma a cikin birni

Daminar da ta wuce akwai wani dare da ruwa ya tsuge tun bayan isha'i bai ɗauke ba sai wajen ƙarfe uku, da asuba muka fito masallaci muka tarar kwatar layinmu ta tumbatsa, ledojin fiya wata da robobin lemo sun toshe bakin kwalbatin da ke bakin titi, ruwan ya rasa hanya ya juyo ya shiga gidaje uku har da na wata tsohuwa da katangarta ta ƙasa ce, kana ganin ƙasan katangar ya jiƙe ya yi baƙi ka san saura kaɗan ta zauna. Gari na wayewa matasa suka fito da shebur da diga da baro aka yi ta yashewa har azahar. Da aka gama aka zauna a dakali ana ta faɗin gwamnati ta yi watsi da mu, sai wani dattijo a cikinmu ya ce wace gwamnatin daga ciki? Wani ya ce gwamna, wani ya ce ɗan majalisar jiha, wani ya ce ai kansila ne, har da mai cewa Abuja. Mun fi goma a wurin, akwai malamin makaranta akwai ɗan kasuwa akwai mai digiri, amma wallahi ba wanda ya iya faɗa da tabbas.

Daga baya muka rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, muka kai sakatariya. Aka karɓe mu da mutunci ba laifi, amma aka ce kwalbatin a bakin titin jiha yake don haka mu nufi ma'aikata. A ma'aikata kuma aka ce abin da ya shafi cikin layi na ƙaramar hukuma ne. Kowa a cikinsu yana da ƙamshin gaskiya, kuma wannan ne ya sa na zauna na bi abin daga tushe.

A kundin tsarin mulki na 1999 akwai wani wuri can wajen ƙarshe da ake kira jadawali na huɗu, nan aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, kuma idan ka karanta za ka ga kamar rayuwar unguwarku aka kwafe. Kwata da magudanan ruwa da titunan cikin gari da fitilun kan hanya, kwashe shara, gidajen wanka da bahaya, kasuwa, tashar mota, abbatuwa, maƙabarta, sa wa layi suna da ba gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, lasisin keke da baro da amalanke da kwale-kwale, sa ido kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da allunan talla. Sannan a makarantun firamare da kiwon lafiya da noma aka ce ƙaramar hukuma za ta sa hannu tare da jiha. Ka ga kenan daga ranar da aka haife ka har ranar da za a kai ka makwancinka akwai hannun wannan hukumar a ciki, amma ita ce gwamnatin da muka fi jahilta, mutum zai lissafo maka ministoci biyar bai san sunan kansilan mazaɓarsa ba.

Toh a rubuce kenan. A ƙasa kuma, musamman a babban birni irin Kano, abin ya sha bamban. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, amma cikin birni da kewaye guda 8 ne suka raba shi: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso. Za ka hau adaidaita sahu tafiyar minti ashirin ka ratsa uku daga cikinsu ba ka sani ba. Ruwan sama bai san iyakar ƙaramar hukuma ba, sharar da aka zuba a kwata a wannan unguwa can gaba za ta je ta toshe wa wasu, dubi magudanar Jakara dai yadda ta ratsa gari. Da wannan hujjar, kuma hujja ce mai ƙarfi gaskiya, jiha ta kafa hukumominta da ke aiki a birnin gaba ɗaya: REMASAB a kan shara, KNUPDA a kan tsarin gini, KAROTA a kan titi, manyan kasuwanni irin Kantin Kwari da ta Sabon Gari kuma gwamna ne ke naɗa masu riƙe su. Ni ban ga laifin haɗa aikin birni wuri ɗaya ba, babu yadda za a yi ciyamomi takwas kowa ya ja tasa magudanar yadda ya ga dama a ce ruwa zai bi. Inda matsalar take shi ne ba a taɓa fitowa an gaya wa jama'a ƙarara cewa daga nan zuwa nan na jiha ne, daga nan zuwa can na ciyaman ne ba. Sai aka bar wani fili a tsakiya wanda babu mai shi, kuma a wannan filin kwalbatinmu ya faɗa. Haka kuma wuraren da kuɗi ke shigowa, manyan kasuwanni da allunan talla na manyan tituna, galibi sun koma hannun jiha, aka bar wa ƙaramar hukuma 'yan tebur da masu kiyos da masu tura baro, wato talakan da ba shi da bakin magana shi ne ɗan rebenu zai tsaya a kansa da rasit.

Tsofaffi idan ana wannan hira sai su ce a zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da ke mulkin gari kafin a kafa ƙananan hukumomi, ba haka abin yake ba, duba-gari zai shigo har cikin gida ya leƙa randa ya duba masai, idan ya ga ƙazanta sai ka biya tara. Gaskiya ne En'e tana da ƙarfi, tana da baitulmalinta da 'yan dokanta da kotunan alƙalai da gidan yari, kuma da haraji da jangali take tafiya, wato kuɗin daga aljihun mutanen garin yake fitowa. Amma kar mu manta an sha wuya a hannunta, zaluncin da ake yi wajen karɓar harajin ne ya sa da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979 Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali talakawa suka yi ta murna. Kafin nan a 1976 gwamnatin soja ta yi garambawul ta mayar da tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, guda 301, aka yi ta ƙari har suka kai 774 a 1996 zamanin Abacha. Daga nan ne hukumar ta koma mai jiran kason wata daga sama. Kuma ka san halin ɗan adam, kuɗin da bai fita daga jikinsa ba bai cika bin kadinsa ba, shi ma wanda aka ba riƙon kuɗin ba ya jin yana da bashin bayani a wuyansa.

Yanzu mu zo kan kuɗin, don duk rigimar a nan take. Duk wata ana zama a Abuja a raba abin da ya shigo asusun tarayya, tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, sannan a harajin VAT ƙananan hukumomi suna da kashi 35. Ba ƙaramin kuɗi ba ne fa, ballantana tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 adadin nairorin da ake rabawa ya yi sama sosai, duk da ita nairar ta rage daraja. Sai dai sashe na 162 na tsarin mulki ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, nan kuɗin zai fara sauka. Asalin manufar ita ce jiha ta ƙara nata kason a kai daga harajin da take tarawa sannan a raba musu. Abin da ya faru shekara da shekaru kuwa kowa ya sani, asusun ya zama wurin yanka. Kafin kason ya iso sakatariya an cire albashin malaman firamare, an cire na ma'aikatan lafiya, an cire fansho, an cire kason masarauta, an cire na horar da ma'aikata, sannan a zo kan abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, wato aikin da gwamna ya zaɓa ya ba ɗan kwangilar da ya ga dama amma da kuɗin ƙaramar hukuma. Wasu daga cikin waɗannan yanke-yanken dole ne, malami dai sai an biya shi. Amma abin da ke saura a hannun ciyaman sau da yawa bai wuce na albashin ofis da man janareto da ɗan abin sallamar 'yan siyasa ba, shi ya sa a jihohi da dama za ka ji ciyaman yana cewa ko kwalbati zai yi sai ya rubuta wa ma'aikatar ƙananan hukumomi ya jira sahalewa.

Akwai wani abu kuma da mutane ba su cika lura da shi ba. Manyan ma'aikatan sakatariya, daraktan mulki da ma'aji da shugabannin sassa, ba ciyaman ne ke ɗaukarsu ba, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke turo su kuma ita ke canza musu wurin aiki. Mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi shi ma jiha ce ke naɗa shi. Hukumar zaɓen da ke shirya zaɓen ciyaman da kansila gwamna ne ke naɗa shugabanninta. Tsawon wa'adinsu, shekara biyu ko uku ko huɗu, majalisar jiha ce ke yankewa. Toh mutumin da wani ne ya tsayar da shi takara, wani ne ya shirya zaɓensa, wani ne ya turo masa mai sa hannu a cek, wa kake tsammanin zai ji tsoro, ku da kuka kawo takarda da sa hannun mai unguwa ko wancan?

An sha yunƙurin gyara. A 2019 hukumar NFIU mai bibiyar hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'ida cewa kar a riƙa cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka yi ca har da zuwa kotu. Majalisar tarayya ta sha amincewa da gyaran tsarin mulki don ba su 'yancin kuɗi amma gyaran sai ya samu amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, a nan yake mutuwa. Sai a 2024 ministan shari'a Lateef Fagbemi ya kai jihohi 36 Kotun Ƙoli, ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ta yanke hukunci, Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta. Ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon riƙe shi, ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantoma ko shugaban riƙo, kuma duk ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba kar a ba ta kason. Ranar an yi murna sosai, ni ma na yi.

Me ya biyo baya? Jihohin da suka daɗe da kantomomi suka ruga suka shirya zaɓe don kar a riƙe musu kuɗi. A watan Oktoban 2024 aka yi a Kano, NNPP ta lashe ciyamomi 44 da kansiloli 484 gaba ɗaya, a Kaduna APC ta kwashe 23, a Jigawa APC ta kwashe 27. Ba maganar jam'iyya ɗaya ba ce, duk wadda ke riƙe da gidan gwamnati ita ke cinye komai, Arewa da Kudu. A Anambra ma har doka aka yi wadda ta sa ƙananan hukumomi su riƙa mayar da wani kaso cikin asusun da jiha ke kula da shi. Kuma har aka cika shekara da hukuncin ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi NULGE tana ta ƙorafin ba a fara biya kai tsaye yadda kotu ta ce ba. Ko da ma an fara, ciyaman da gwamna ya ɗora idan aka kira shi aka ce ya dawo da kaza, ina zai samu bakin cewa a'a.

Sannan akwai tsoron da malaman firamare suke yi wanda ni a ganina bai kamata a raina shi ba. A farkon shekarun 1990 an taɓa miƙa albashinsu hannun ƙananan hukumomi, aka yi ta bin bashin watanni ana yajin aiki, shi ya sa ƙungiyarsu ta NUT har gobe take cewa a ba ƙananan hukumomi 'yanci amma a cire albashin malamai daga hannun ciyamomi. Dubi Abuja ma, can INEC ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi shida na birnin tarayya, kuma jam'iyyu daban-daban suna ci, amma a 2025 malaman firamare sun yi sama da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, yara suna zaune a gida. Kenan ko zaɓe ya yi kyau ko kuɗi ya sauka, idan ba mai tsayawa a kan ciyaman yana tambaya, za a iya canza wurin da kuɗin ke ɓata ne kawai daga babban birnin jiha zuwa sakatariya.

Wanda doka ta ajiye don ya yi wannan tambayar shi ne kansila, kuma a nan nake ganin mu ma da namu laifin. Aikin kansila na asali irin na ɗan majalisa ne, su zauna a zaurensu su duba kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo su amince ko su gyara, su yi dokokin cikin gida kamar na tsafta da na kasuwa da na yawon dabbobi, su bi ayyuka su ga an yi ko ba a yi ba. Amma je ka ƙofar gidan kansila da safe ka ga layin da ke jiransa. Wannan matarsa ta haihu ba ragon suna, wannan takardar magani ce a hannunsa, wannan kuɗin jarrabawar ɗansa, wannan an kama ƙaninsa yana so a je a yi beli. Duk buƙatu ne na gaske, talauci ne ya kai mutane, ba na zarginsu. Amma a cikin mutum ashirin da wuya ka samu ɗaya da ya zo ya ce ranka ya daɗe nawa aka ware wa mazaɓarmu a kasafin bana, asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu me ya sa ba magani ba ma'aikacin dare, ajin da rufinsa ya yaye yana cikin lissafi ko baya ciki. Shi ma kansilan ya gane abin da ake auna shi da shi kenan, don haka gara ya lallaɓa ciyaman ya samu na rabawa da ya tsaya yana ja da shi a kan kasafi.

Yawancinmu ma ba ma taka sakatariya sai ranar da yaro zai shiga jami'a ko za a nemi aikin ɗamara ana buƙatar takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, a bi ta kan mai unguwa da dagaci da hakimi a kawo a buga hatimi shikenan. Alhali kasafin ƙaramar hukuma ba sirri ba ne, takardar jama'a ce. Abin da aka raba wa kowace ƙaramar hukuma daga asusun tarayya duk wata ana wallafa shi, ofishin babban akanta na ƙasa da hukumar ƙididdiga suna fitarwa, wanda ke da waya da data zai iya nemo na tasa ƙaramar hukumar. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Idan ƙungiyar unguwa ta je wurin ciyaman da adadin a hannu ta ce ga abin da Abuja ta ce an turo da sunanmu watan jiya, nawa ne ya iso hannunka, dole ɗayan biyu, ko ya faɗi abin da ya yi da shi ko ya faɗi inda aka tsaya da shi. Kowanne ya faɗa an samu bakin zare.

Haka batun 'yan rebenu. A 1998 an yi dokar tarayya da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati ke da ikon karɓa, na ƙaramar hukuma ya haɗa da kuɗin shago da kiyos, kuɗin rumfar kasuwa, na tasha, na abbatuwa, na kwashe shara. Mai shago a layinmu yana da wata tsohuwar robar alawa da yake tara rasit a ciki, ya taɓa zazzage min su a kan kanta, kala-kala, wasu da hatimi wasu babu, wani an rubuta kuɗin tsafta. Ya ce shi bai ƙi biya ba, amma tunda yake biyan kuɗin tsaftar nan bai taɓa ganin an zo an ɗauke jujin da ke bayan shagonsa ba sai in su suka yi karo-karo suka kira mai kura. Ni a wurina wannan ne ma'aunin, duk wanda ya karɓi kuɗin tsafta da sunan hukuma to juji ya zama nasa, ba sai an je kotu ba.

Abin da nake ganin ya fi gaggawa a birni irin namu, kafin ma a gama rigimar asusun haɗaka, shi ne a fito da rabon aikin a fili. A liƙa a kowace sakatariya da ofishin kowane dagaci, da Hausa, cewa waɗannan tituna da magudanansu na jiha ne ga ofishin da za ku je, waɗannan layuka na ƙaramar hukuma ne ga sashen ayyuka, kuma in takarda ta zo inda ba nata ba ofishin ne zai tura ta da kansa ba a ce wa tsoho ya sake hawa adaidaita ba. Sannan zaman majalisar kansiloli a riƙa sanar da ranarsa, wanda ke so ya je ya zauna ya ji. Wannan ba ya buƙatar gyaran tsarin mulki ko amincewar jihohi 24.

Mu dai a layinmu mun sake rubuta takardar, wannan karon kwafi uku, ɗaya sakatariya ɗaya ma'aikata ɗaya hannun kansila, kuma kowacce sai da muka sa aka buga mana hatimin an karɓa a kan kwafinmu da kwanan wata. Mun roƙi kansilan ya zo zaman ƙungiyar unguwa da kwafin kasafin bana, ya ce zai zo. Kafin nan kowane gida yana ba da naira 500 duk wata, an sayi shebur biyu da baro, kuma an yi wa katangar tsohuwar nan daɓen siminti a ƙasa kafin ruwan farko ya sauka.